Orsted, mutumin da ya lura da allura

A kasuwar Tasawa da ta Mayahi ana sayar da tukwanen alminiyon. Ku kanga musu mayen ƙarfe, ba zai kama su ba. Amma in ya samu ƙusa, nan da nan ya cafke ta. Akwai wani masani wanda sunansa ya haɗu da waɗannan abubuwa biyu.

Sunansa Hans Kiristiyan Orsted. An haife shi ran 14 ga Agusta 1777, a wani ƙaramin gari na ƙasar Danmak. Ubansa mai haɗa magunguna ne. Tun yana yaro yake taya shi aiki, yana awo, yana gauraye-gauraye. A 1793 ya tafi birnin Kopenhagen neman ilimi. A 1806 ya zama babban malami a jami'ar birnin.

A zamanin nan, yawancin masana suna tsammanin babu dangantaka tsakanin lantarki da mayen ƙarfe. Orsted bai yarda ba. A 1820 ya ajiye busol, wato allurar da ke nuna arewa, kusa da wata waya. Da ya haɗa wayar da pil, sai allurar ta motsa. Motsin kaɗan ne, amma bai raina shi ba. Ya yi ta maimaita gwajin. Da ya juya kan pil ɗin, sai allurar ta karkata ɗaya gefen. Ashe lantarki na haifar da ƙarfin maganaɗisu! Daga wannan ilimi aka samo injin lantarki da lasifikar rediyo.

A 1825 kuma ya fitar da ɗan dunƙulen alminiyon, ko da yake bai tatu sarai ba. Kafin shi ba wanda ya taɓa raba wannan ƙarfe da ƙasar da yake ɓoye ciki.

Orsted ya rasu ran 9 ga Maris 1851. Yau masana suna shimfiɗa ƙarfe da alminiyon hawa-hawa, kowane ya fi gashin kai siranta sau dubbai, suna binciken maganaɗisunsu. Ɗaya daga cikin ma'aunan da suke aiki da su sunan Orsted gare shi.

Tambayoyi
1. Mene ne ya motsa allurar?
2. Ku gwada mayen ƙarfe a kan ƙusa, da tukunya, da ƙwarya. Wanne ya kama?