Likita Dalziel, Baturen Da Ya Rubuta Sunayen Itatuwanmu (1872–1948)

Na tabbata waɗanda muka yi ajin kimiyya tare ba su manta da wahalar da muka sha wajen haddace sunayen tsirrai da Latinanci ba, lokacin da ake cewa kuka ita ce Adansonia digitata, tsamiya kuma Tamarindus indica, mu kuwa muna rera su kamar karatun allo don dai mu tsallake jarrabawa. A wancan lokaci ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai in tambayi wanda ya zauna ya haɗa sunan da kakata take kiran itace da shi da wanda ke cikin littafi ba. Sai da na girma na fahimci cewa wani ne ya yi wannan aiki, kuma wani ɓangare nasa a nan maƙwabtanmu aka yi shi, a ƙasar Katagum. Tarihin wannan mutum nake so in kawo a fitowar mujallarmu ta bana.

Sunansa John McEwen Dalziel. Ko da yake a rubuce sunan yana da nauyi a baki, mutanen Sikotilan, inda asalinsa yake, Diyel suke furta shi. An haife shi a shekarar 1872 a birnin Nagpur na ƙasar Indiya, ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, ya gama a 1895. Daga nan ya tafi kudancin ƙasar Sin a matsayin likitan mishan, ya zauna can har 1902, kuma tun a can ya fara ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa, watau tsinko ganye da fure yana adanawa. A 1905 ya shiga aikin likitancin gwamnatin mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya ta Arewa.

Duk ɗan ƙasar Haɗeja da ya ji wannan shekara sai gabansa ya faɗi, domin shekara ɗaya bayanta, a 1906, sojojin Turawa suka auka wa birnin Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu tare da jama'a masu yawa. Dalziel ma'aikacin gwamnatin da ta yi wannan ne, da albashinta ya ci abinci, kuma babban aikin likitocinta a lokacin shi ne kula da lafiyar Turawa da sojojinsu. Ban ga dalilin ɓoye wannan don ina yabon aikin mutumin ba.

An yi ta canza masa wurin aiki kamar yadda ake yi wa kowane ma'aikaci. Ya zauna a Kwantagora da Katagum da Yola da Sakkwato, daga baya ya koma Ikko da kuma Gwalkwas, wadda ta zama Gana a yau. Katagum ɗin da ake nufi a nan shi ne tsohon garin da ke bakin kogi, tun kafin a mayar da hedikwatar masarautar Azare. Wanda ya san hanya ya san cewa tsakaninmu da can fadama ɗaya ce, giyayya ɗaya, goriba ɗaya, bado ɗaya. Saboda haka abin da ya tsinta a can, kusan duk yana nan a bayan gidajenmu na Kafin Hausa da Bulangu.

Yadda ake wannan aiki ba shi da wani asiri, sai dai yana son haƙuri. Za a yanko reshe mai ganye, in da hali har da fure ko 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da nauyi, a riƙa canza takardun har ya bushe ƙayau. Sa'an nan a rubuta lamba da ranar da aka tsinka da wurin da aka same shi. A irin damshin daminarmu da gara da ke cin takarda, wannan ba ƙaramar ɗawainiya ba ce ga mutumin da ke da marasa lafiya suna jiransa. Busassun ganyayen nan ya riƙa aikawa lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, inda masana suke kwatanta su da waɗanda aka tara daga wasu ƙasashe, su tabbatar da sunansu, in kuma sabo ne a wurinsu su raɗa masa suna.

Abin da ya bambanta Dalziel da sauran Turawan da suka tara ganye shi ne ya koyi Hausa, kuma ya ɗauki sunan da mutane ke kiran tsiro da shi a matsayin ilmi. A 1916 aka buga masa wani ɗan littafi a Landan mai suna A Hausa Botanical Vocabulary. An jera shi ne bisa sunayen Hausa, daga baƙin farko zuwa na ƙarshe, kowane suna da takwaransa na kimiyya da ɗan bayanin amfaninsa. Wanda bai gwada ba zai ɗauka aikin kwana biyu ne. To amma a duba: itace ɗaya Bakano ya ce bagaruwa, wani ya ce gabaruwa, goriba tana ƙarama ana ce mata kaba, giginya kuma tsironta muruci ne. Wani lokaci suna ɗaya yana hawa kan tsirrai biyu ko uku da ba su haɗa dangi ba. Ba yadda za a warware wannan sai an je gindin itacen tare da wanda ya san shi, ya nuna da hannu. Daɗin daɗawa, a lokacin ba a daidaita ƙa'idar rubutun boko ba, shi ya sa mai karanta littafin yau zai ga wasu sunayen an rubuta su ba yadda muka saba ba.

Nan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai. Wa ya nuna masa cewa jiƙon ɓawon maɗaci ana shansa don ciwon ciki, ko sabara ana ba mai jego, ko da bagaruwa ake jima? Bokaye ne da ungozomomi da majema da Fulani makiyaya da masunta, iyayen kakanninmu. Amma bisa al'adar ɗakunan ajiyar tsirrai, takardar da ake manna wa ganye sunan wanda ya tara take ɗauka da lambarsa. Don haka sunan likita ya zauna, masu ilmin kuwa sun tafi ba mu san ko su wane ne ba. A gefe guda kuma, in da bai rubuta ba, da yawa daga abin da suka sani da ya bi su kabari, tunda mu jikokinsu da muka yi boko ba mu rubuta ba.

Bai bar aikin lafiya ba duk da wannan. A Ikko ya bi diddigin wuraren da sauro ke hayayyafa, a 1920 ya wallafa bincikensa game da ramukan ƙaguwa da kogon itatuwa da ke tara ruwa. A zamanin da zazzaɓin cizon sauro da shawara ke kashe mutane a garuruwan bakin teku, wannan bincike ne mai amfani kai tsaye.

Ya bar aikin gwamnati a 1922, ya koma Kew, inda ya haɗu da masanin tsirrai John Hutchinson. Su biyu suka rubuta Flora of West Tropical Africa, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936, littafin da ya tattara tsirran yankinmu ya kuma nuna yadda za a bambance su. A 1937 Dalziel ya fitar da nasa babban aikin, The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya ƙunshi amfanin tsirrai wajen abinci da magani da rini da gini da guba, tare da sunayensu a harsunan Afirka ta Yamma da dama. Ofishin da ke kula da sayayyar ƙasashen da Ingila ke mulka ne ya buga shi, kuma ba sai an gaya wa kowa ba, gwamnatin tana son sanin abin da za ta iya samu daga dajinmu. Ya mutu a Landan a 1948, yana da shekara 75.

Sunansa yana nan manne da itatuwan da muke wucewa. Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, Hutchinson ne ya raɗa masa don girmama Dalziel. Maje kuwa, Daniellia oliveri, in aka rubuta cikakken sunansa sai an ƙara sunayen su biyu a ƙarshe. Akwai ma inda Hausa ce ta shiga Latinanci, domin itacen doka Isoberlinia doka ake ce masa a ko'ina a duniya.

Bayan mutuwarsa wasu sun ɗora. H. M. Burkill ya sake rubuta littafin amfanin tsirrai ya faɗaɗa shi zuwa juzu'i 6, daga 1985 zuwa 2004. Yau kuma abin ya koma intanet. Rumbun JSTOR Global Plants, wanda wata ƙungiya da ba ta neman riba ke gudanarwa, yana ɗauke da hotunan busassun ganyaye daga ɗakunan ajiya na duniya da bayanan Burkill. Haka nan akwai GBIF, wanda aka kafa a 2001 da ofishinsa a ƙasar Denmak, mai tattara bayanan inda aka ga kowace irin halitta, ya kuma haura bayanai biliyan 2, kowa na iya dubawa kyauta. Ɗalibin jami'a da ke gwada ruwan ɓawon hano a kan ƙwayoyin cuta a ɗakin bincike, kamar yadda aka sha yi a jami'o'inmu, daga wannan silsila ya san itacen da zai nema da sunan da zai rubuta. Sai dai in tunatar da 'yan uwa cewa ganin magani ya kashe ƙwayar cuta a faranti bai isa a ce ya warkar da mutum ba.

Fadamar da Dalziel ya gani ba ita ce muke gani ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja ta canza, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, gatari kuma bai huta ba. An sanya dausayin Baturiya cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu a 2008, amma yaro ɗan sakandare a yau da wuya ya lissafa maka itatuwa ashirin na garinsu. Na gwada da ƙanena a hutun sallar da ta wuce, ya tsaya a goma sha ɗaya, biyu daga ciki darbejiya da turare ne, waɗanda duk baƙi ne a ƙasar nan.

Saboda haka ina da shawarar da zan gabatar a taronmu na shekara. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto, kuma kusan kowa yana da dattijo ko dattijuwa a gida da ta san daji. In muka roƙi malaman kimiyya na makarantarmu su jagoranci ɗalibai, kowane ɗalibi ya kawo tsiro biyar da hotonsa da sunansa da wurin da ya gan shi, ƙungiya ta ɗauki nauyin takarda da bugawa. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a sa: a ƙarƙashin kowane tsiro a rubuta sunan wanda ya nuna shi da unguwarsu, in ya yarda. Ni na ɗauki nauyin rim biyu na takarda.