Gaston Planté, Mutumin Da Ya Sa Batir Ya Karɓi Caji

Duk wanda ya taɓa tayar da babur a Tambuwal, ko ya yi karatun dare da wutar sola a Kebbe, ya ci moriyar wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté. An haife shi a garin Orthez a 1834, ya kuma koyar da kimiyya a birnin Paris.

A zamaninsa, batir in ya ƙare ya ƙare ke nan. A 1859 sai ya naɗe falle biyu na dalma, ya tsoma su cikin ruwan asid, ya gano cewa in an mayar wa batirin wuta yana farfaɗowa. Batirin mota da yawancin na sola da muke gani jikokin wannan ne, kuma sun gaji rauninsa: in aka bar su makonni babu caji, wani farin gishiri kan daskare jikin dalmar, su daina riƙe wuta. Na wayoyinmu iri dabam ne, zafin rana ya fi cutar da su.

Abin mamaki, yana matashi ya tono ƙasusuwan wani ƙaton tsuntsun zamanin da, aka raɗa wa tsuntsun sunansa, Gastornis. Ya rasu a 1889.