Labarin Enzo Ferrari, Mai Baƙin Doki

Wannan labarin wani mutumin ƙasar Italiya ne, ana ce da shi Enzo Ferrari. An haife shi a birnin Modena cikin shekarar 1898. Ubansa maƙeri ne, yana da ɗan wurin aikin ƙarfe. Yana da shekara 10 uban ya kai shi kallon tseren motoci a Bologna, tun daga ran nan zuciyarsa ba ta sake komawa kan wani abu ba.

A 1916 ubansa da wansa suka mutu cikin shekara guda. Aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Fari, aka sa shi aikin sanya wa alfadarai takalman ƙarfe, har ciwo ya kayar da shi aka sallame shi. Ya nemi aiki a kamfanin Fiat, suka hana shi. A 1920 ya shiga Alfa Romeo yana tuƙa musu motar tsere.

Ka sani, ya mai karatu, dokin nan da ka ke gani bisa motocinsa ba nasa ba ne asali. Wani sojan jirgin sama ne, Francesco Baracca, ya zana shi a jikin jirginsa, aka kashe shi a 1918. Da Ferrari ya ci wani tsere kusa da Ravenna a 1923, sai ya sadu da iyayen marigayin, uwar kuwa ta ba shi iznin ɗaukar alamar. Ya bar dokin akawali, ya yi masa shimfiɗa rawaya, launin garinsu. Ƙungiyar tsere da ya kafa a 1929 ma Scuderia ya sa mata suna, ma'anarta bargar dawaki. Mota ta fari mai sunansa ta fito daga Maranello a 1947.

Mutum ne mai taurin kai, mai wuyar sha'ani, ba ya son fita daga yankinsu, kullum da baƙin tabarau. Motocin da ya ke sayar wa attajirai ba su ne muradinsa ba, kuɗinsu ya ke so don ya ciyar da tsere. Kuma tseren nan ya ci rayuka. A 1957 tayar motarsa ta fashe a tseren Mille Miglia, direba da abokin tafiyarsa da 'yan kallo 9 suka halaka, 5 daga ciki yara ne. Aka kai shi gaban shari'a, ba a wanke shi ba sai 1961. Shekara guda kafin wannan hatsari ɗansa Dino ya mutu yana da shekara 24, da ciwon shanyewar tsoka.

Amma motar da ta fi ɗaukaka sunansa ita ce 250 GTO, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1964. Dokar tsere ta ce sai an ƙera 100 kafin mota ta shiga wannan aji. Ferrari ya kafa hujja cewa wannan ba sabuwa ba ce, gyaran wata tsohuwa ce da aka riga aka yarda da ita, aka karɓa masa. Guda 36 kaɗai ya yi. Injinta silinda 12 ne, jikinta kuwa da hannu maƙera suka buga, saboda haka da wuya ka sami biyu da suka yi daidai. Kuɗinta a Amurka dala 18,000, kuma kuɗi kaɗai ba ya isa, sai an yarda da mai saye. Ta ci wa gidansu kambin duniya shekara 3 a jere.

Da zamaninta na tsere ya wuce, sai ta zama kamar tsohon ingarma, ana sayar da ita da araha. Daga baya masu tara tsofaffin motoci suka farga. Abin da su ke bi shi ne ƙarancinta, da sanin asalin kowace ɗaya, wane ne ya tuƙa ta, wane tsere ta ci, kamar yadda a ke bin salsalar doki. A 2018 aka yi gwanjon ɗaya a Amurka, ta haura dala miliyan 48.

Shi kuwa mai ita, tsere ya cinye dukiyarsa har ya sayar da rabin kamfanin a 1969, ga Fiat ɗin nan da suka hana shi aiki. Mota ta ƙarshe da ya sa wa hannu ita ce F40, a 1987. Ya mutu a Modena ran 14 ga Agusta 1988, yana da shekara 90, ba a yi shelar mutuwarsa ba sai da aka binne shi. Tamat.