Tarihin Dokta Gonin, Likitan Da Ya Gano Maganin Ɓallewar Tantanin Ido

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in ba 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa tarihin wani bawan Allah. Ni ba likita ba ne, karatuna firamare ne. Wani ma'aikacin asibiti da ke sayen shinkafa a wurina shi ya ba ni labarin, na ga bai kamata in riƙe ni kaɗai ba.

Sunansa Jules Gonin. An haife shi a garin Lozan na ƙasar Suwizalan a 1870, a nan ya yi karatun likita, ya kama aiki a asibitin ido na garin. A 1918 ya zama shugaban asibitin, a 1920 kuma ya zama farfesa.

A can bangon ido ta ciki akwai wani tantani mai laushi wanda shi ke ɗaukar hoton duk abin da muka kalla. Wani lokaci sai ya ɓalle daga bangon, gani ya tafi. A zamanin da, wanda wannan ciwo ya kama sai dai a ce masa Allah Ya ba da haƙuri. Likitoci sukan zuƙe ruwan da ya taru, su kwantar da mutum makonni, amma ruwan ya dawo.

Gonin ya shafe shekaru kusan 20 yana bin diddigin abin. Sai ya gano cewa wata 'yar ƙaramar huda ce ke fara samuwa a tantanin, ruwan cikin ido ya bi ta nan ya shiga baya ya ɗaga shi. Mu da ke noman rani a Kura da Bunkure da Kadawa mun san wannan. In gafiya ta huda kunyar fangali, ko ka kwana kana kwarfa aikin banza ne, sai ka nemo ramin ka toshe. To haka ya yi. Yakan haska ido ya nemo hudar, sannan ya sa siririn ƙarfe mai zafi daidai wurin ta waje, tabon da ya fito ya manne tantanin. Abin ya yi kama da sakiya, amma fa aiki ne na awo da ilmi, kada wani ya ce zai gwada.

Da farko manyan likitoci ba su yarda da shi ba. Bai yi fushi ba, ya ci gaba da aiki yana rubuta sakamakon marasa lafiyarsa. Sai a 1929, a babban taron likitocin ido na duniya a Amstadam ta ƙasar Holan, aka sallama masa. Daga nan likitoci suka riƙa zuwa Lozan koyo. Ya fitar da littafinsa kan ciwon a 1934, ya rasu a 1935. Asibitin nan yanzu sunansa yake ɗauke da shi, kuma akwai lambar yabo da sunansa da ake ba gwanayen likitocin ido duk shekara 4. An daina amfani da ƙarfen, an koma hasken leza da wasu dabaru, amma har gobe ƙa'idar ita ce a nemo hudar a toshe.

Jama'a, ga inda abin ya shafe mu. Wannan ciwo ba ya zafi, shi ya sa muke sakaci. In ka fara ganin walƙiya a ido ɗaya, ko baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo, ko duhu kamar labule yana saukowa ta gefe, musamman bayan wani abu ya buge ka a ido wajen bugun shinkafa ko faskare, kada ka ce sai ka sayar da tumatir. Kwanaki kaɗan na iya raba ka da idon. Kada kuma ka miƙa idonka ga masu cire yana na gargajiya da ke bin kasuwanni, don aikinsu kan jawo wannan ɓallewar. Ga asibitin ido na ECWA a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ina kira ga hukuma ta riƙa turo ma'aikatan ido asibitocin karkara. Allah Ya kare mana ganinmu, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi, Kura, Jihar Kano.