Joseph Eckhel: Malamin da ya Tsara Ilmin Tsofaffin Kuɗi

An haifi Joseph Hilarius Eckhel ranar 13 ga Janairu, 1737 a garin Enzesfeld na ƙasar Ostiriya. Tun yana yaro ya shiga ƙungiyar Jesuit ta ɗariƙar Katolika, inda ya ƙware a Latin da Girkanci, har ya koyar da waƙa da balaga. Daga baya ya tafi Italiya nazarin tsofaffin sulalla, aka damƙa masa aikin tsara tarin kuɗin mai mulkin Tuscany a birnin Florence. Da Paparoma ya rushe ƙungiyarsu a 1773, sai Sarauniya Maria Theresa ta ba shi riƙon ɗakin tsofaffin kuɗi na fadarta a Vienna, ya kuma zama farfesa a jami'ar birnin.

A zamanin Daular Rum, ɗaruruwan garuruwa, musamman na gabas, suna buga nasu sulalla na tagulla. A gaba akwai kan sarkin Rum, a baya kuwa gari yakan zana tatsuniyar da yake tinƙaho da ita, rubutun kuma galibi da Girkanci. Iskandariyya ta Masar ta zana gwagwarmayar Hercules, garin Ilium ya zana jaruminsa Hector. Sai dai kafin Eckhel, masu tarawa da yawa suna jera su ne bisa girma ko irin ƙarfe ko jerin haruffa, ga kuma na jabu sun cuɗanya da na gaske.

Eckhel ya jera su ƙasa-ƙasa, gari-gari, ya faro daga Sifen ya kewayo Bahar Rum har arewacin Afirka. Bai yarda da zanen littafi ba sai da hujja, shi ya sa ya fallasa sulallan ƙage da ke cikin littattafan Hubert Goltzius. Babban aikinsa, Doctrina Numorum Veterum, ya fito cikin juzu'i 8 daga 1792 zuwa 1798, kuma har yau manyan gidajen tarihi suna bin wannan tsari wajen jera kuɗin Girkawa da na lardunan Rum.

Ya rasu a Vienna ranar 16 ga Mayu, 1798. Abin lura gare mu ɗaliban harshe shi ne, ƙwarewarsa a Girkanci ce ta ba shi damar karanta sunan gari a jikin sulai, ya mayar da kowane gidansu.