Tom Wills

Thomas Wentworth Wills (19 ga Agusta, 1835 – 2 ga Mayu, 1880), wanda aka fi sani da Tom Wills, ɗan wasa ne ɗan ƙasar Ostireliya. Shi ne ɗan wasan kurket na farko da ya yi fice a ƙasar, kuma yana cikin mutum huɗu da suka rubuta dokokin farko na ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya a shekarar 1859. Ya taso a cikin 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, yana jin harshensu, kuma Aborijin ne suka kashe mahaifinsa a 1861, amma bayan shekara biyar shi ne ya horar da ƙungiyar kurket ta Aborijin. Ya mutu a cikin talauci da shaye-shaye, aka manta da shi kusan shekara ɗari. A yau sunansa na tsakiyar muhawarar da magoya bayan wasan da masana tarihi ke yi game da asalin wasan da kuma irin karramawar da ta dace da shi.

Asali da ƙuruciya

An haifi Wills a filayen Molonglo, kusa da inda birnin Kanbera yake a yanzu, a yankin New South Wales wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Shi ne ɗan fari a wurin Horatio Wills da matarsa Elizabeth McGuire. Iyayen biyu sun fito ne daga zuriyar fursunonin da Birtaniya ke kora zuwa Ostireliya. Kakansa na wajen uba, Edward Wills, an kai shi Sidni a 1799 bayan an same shi da laifin fashi a Ingila. Iyalin sun yi ta ɓoye wannan asali, domin a wancan zamani abin gori ne.

Horatio ya bar aikin jarida ya koma kiwon tumaki. A wajen 1840 ya ƙaura da iyalinsa zuwa yankin tsaunukan Grampians da ke yammacin jihar Biktoriya ta yanzu, inda ya kafa babbar gonar kiwo mai suna Lexington kusa da garin Moyston. Ƙasar ta al'ummar Djab wurrung ce, kuma Turawa makiyaya sun mamaye ta ne da ƙarfi. Rubuce-rubucen jami'an lokacin sun sanya sunan Horatio cikin makiyayan da aka zarga da harbin Aborijin. Duk da haka Tom, wanda ba shi da abokan wasa Turawa a kusa, ya shaƙu da yaran Djab wurrung, ya koyi harshensu da waƙoƙinsu.

Karatu a Ingila

Bayan ya yi 'yan shekaru a wata makaranta a Melbon, mahaifinsa ya tura shi Ingila a 1850, yana ɗan shekara 14, domin ya shiga makarantar Rugby. Burin Horatio shi ne ɗansa ya zama lauya. Tom bai yi ƙoƙari a aji ba, amma ya yi zarra a fili. Ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta makarantar a 1855, kuma ya buga irin ƙwallon da ɗaliban makarantar ke bugawa, wadda daga baya ta zama wasan zari-ruga. A 1856 ya buga wa Jami'ar Cambridge a karawarta ta shekara-shekara da Oxford alhali bai yi karatu a can ba. Ya kuma buga wa Kent da ƙungiyar Marylebone. Ya koma Melbon a watan Disamba na 1856.

Tauraron kurket

A lokacin da ya dawo, Melbon na bunƙasa cikin sauri saboda zinaren da aka gano a Biktoriya a 1851, kuma akwai gasa mai zafi tsakaninta da Sidni. Wasan kurket tsakanin Biktoriya da New South Wales ya zama dandalin wannan hamayya. Wills ya jagoranci Biktoriya ta samu nasararta ta farko a kan New South Wales a 1858, sannan ya ci gaba da kai ta ga nasara a shekarun da suka biyo baya. Ya yi fice wajen jefa ƙwallo da dabarun tsara 'yan wasa. An naɗa shi sakataren Ƙungiyar Kurket ta Melbon a 1857, amma bai iya riƙon littattafai ba, kuma ya bar muƙamin cikin saɓani. Ya shiga wani ofishin lauyoyi domin koyon aiki, sai dai bai taɓa zama lauya ba. An san shi da yawan rubuta wasiƙu masu zafi a jaridu da sauya ƙungiya yadda ya ga dama.

Kafa ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya

A ranar 10 ga Yuli, 1858, jaridar wasanni ta Bell's Life in Victoria ta buga wasiƙar Wills, inda ya yi kira da a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai rubutattun dokoki, domin 'yan kurket su riƙa motsa jiki a lokacin sanyi, wanda a Ostireliya yake faɗowa daga Yuni zuwa Agusta. A ranar 7 ga Agusta na shekarar, shi da John Macadam suka yi alƙalancin wasa tsakanin makarantun Melbourne Grammar da Scotch College, kowane ɓangare da 'yan wasa 40, a filin da ke kusa da babban filin kurket na Melbon. An ci gaba da wasan a wasu ranakun, aka tashi kowa da ci ɗaya.

An kafa Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Melbon a watan Mayu na 1859. A ranar 17 ga watan, Wills da William Hammersley da J. B. Thompson da Thomas H. Smith suka zauna a otal ɗin Parade suka rubuta dokoki 10. Wills ya kawo shawarar a bi tsarin makarantar Rugby, amma sauran ba su amince ba, don haka aka tsara dokoki masu sauƙi. An hana harbin ƙaurin abokin karawa, wanda ke da haɗari a kan busasshiyar ƙasa mai tauri, an hana jefa ƙwallo da hannu, ba a sa dokar satar gida ba, kuma an ba wanda ya cafe ƙwallon da aka buga da ƙafa damar bugun da ba za a tare shi ba. Waɗannan dokoki sun girmi na hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, waɗanda aka rubuta a 1863.

Wills ya yi kyaftin a Melbon da Richmond, ya kuma daɗe yana buga wa Geelong. Yana cikin waɗanda suka matsa a koma amfani da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ɗan'uwansa H. C. A. Harrison, wanda ya auri ƙanwarsa Emily, shi ne ya jagoranci gyaran dokokin a 1866. A yau ana buga wasan a fili mai siffar ƙwai, kowace ƙungiya da mutum 18, kuma akwai turaku huɗu a kowane gefe. Bugun da ya ratsa tsakanin turakun tsakiya maki 6 ne, na gefe kuma maki 1.

Kisan Cullin-la-ringo

A farkon 1861 Horatio ya ɗauke ɗansa daga wasanni domin su kafa sabuwar gonar kiwo a Queensland. Sun yi tafiyar wata takwas daga Brisbane da tumaki kimanin 10,000, suka isa wani wuri mai suna Cullin-la-ringo, kusa da garin Springsure na yanzu. A ranar 17 ga Oktoba, 1861, Aborijin na yankin suka kai wa sansanin hari suka kashe mutum 19, har da Horatio da mata da yara. Wannan shi ne kisa mafi yawa da Aborijin suka yi wa Turawa 'yan kama-wuri-zauna a hari guda. Tom ya tsira ne saboda an aike shi ɗauko kaya 'yan kwanaki kafin harin. Masana tarihi da dama na ganin harin ramuwa ce kan kisan da wani makiyayi maƙwabci ya yi wa wasu Aborijin bisa zargin satar tumaki. Bayan harin, 'yan sanda da makiyaya sun yi ramuwar gayya, inda aka kiyasta sun kashe ɗaruruwan mutane.

Tom ya zauna yana kula da gonar na wani lokaci, amma masu kula da gadon mahaifinsa suka zarge shi da sakaci da almubazzaranci. Ya koma Biktoriya a 1864. Tun daga lokacin ya riƙa fama da mugayen mafarkai, shan giyarsa kuma ya ƙaru.

Ƙungiyar kurket ta Aborijin

A 1866 Wills ya karɓi aikin horar da wata ƙungiyar Aborijin da ke aiki a gonakin kiwo na yankin Edenhope a yammacin Biktoriya. Yana magana da su da harshen da ya koya tun yana yaro. A ranar 26 ga Disamba, 1866, ya jagorance su a karawa da Ƙungiyar Kurket ta Melbon a gaban dubban 'yan kallo. Sun sha kaye, amma sun burge jama'a, musamman Johnny Mullagh. Rangadin da suka yi zuwa Sidni a 1867 ya watse saboda rikicin kuɗi. Charles Lawrence ne ya karɓi ƙungiyar ya kai ta Ingila a 1868, ba tare da Wills ba. Ita ce ƙungiyar kurket ta farko daga Ostireliya da ta yi rangadi a Ingila.

Faɗuwa da rasuwa

Da kuɗin gado suka yi masa wuyar samu, Wills ya fara karɓar albashi a kan wasa, abin da masu hannu da shuni na lokacin ke ɗauka a matsayin zubar da daraja. An daɗe ana zarginsa da miƙe gwiwar hannu lokacin jefa ƙwallo, wanda dokar kurket ta haramta. A ranar 30 ga Maris, 1872, ya zama ɗan wasa na farko da alƙali ya hukunta kan wannan laifi a babban wasa a Ostireliya. Wasansa na ƙarshe a babban mataki shi ne na 1876.

Ya zauna da wata mata 'yar asalin Dublin mai suna Sarah Barbor, wadda danginsa ba su karɓa ba, kuma ba su haihu ba. A ƙarshen rayuwarsa sun koma Heidelberg a bayan garin Melbon, bashi ya yi masa katutu. Da ya daina shan giya farat ɗaya, sai ya kamu da ruɗewar hankalin da ke samun wanda giya ta riga ta kama jikinsa. An kwantar da shi a asibitin Melbon ranar 1 ga Mayu, 1880, amma ya gudu gida, washegari kuma ya kashe kansa yana da shekara 44. Mutane ƙalilan ne suka halarci jana'izarsa, kuma kabarinsa ya kasance babu alama har 1980, lokacin da Ƙungiyar Kurket ta Melbon ta kafa masa dutse.

Muhawarori a kansa

Muhawara ta farko ita ce wane ne uban wasan. A 1908, lokacin bikin cika shekara 50, Harrison aka ba wannan laƙabi, alhali ba ya cikin waɗanda suka rubuta dokokin 1859. Binciken baya-bayan nan ya dawo da sunan Wills, amma wasu masana na cewa yanzu kuma an wuce gona da iri, domin an danne gudummawar Hammersley da Thompson da Smith.

Ta biyu, wadda ta fi zafi, ta shafi Marngrook, wasan gargajiya na Aborijin a Biktoriya, inda ake buga ƙwallon fatar wata ƙaramar dabba mai suna fosum zuwa sama, 'yan wasa su yi tsalle su cafe. Tun daga shekarun 1980, marubuta irin su Jim Poulter, sannan Martin Flanagan, suka yaɗa ra'ayin cewa Wills ya ga wasan yana yaro kuma ya yi tasiri a kansa. Masu goyon baya na kafa hujja da ƙuruciyarsa da kuma kamannin tsallen cafe ƙwallo. A 2008, a littafin tarihin da hukumar AFL ta wallafa, Gillian Hibbins ta yi watsi da ra'ayin. Hujjar masu adawa ita ce Wills bai taɓa ambatar Marngrook a wasiƙunsa ba, dokokin Rugby ya nema a 1859, kuma tsallen cafe ƙwallo sai daga baya ya zama ruwan dare. Greg de Moore, likitan ƙwaƙwalwa da ya wallafa tarihin Wills a 2008, bai samu shaidar alaƙar kai tsaye ba. Daga baya Jenny Hocking ta gabatar da wata tsohuwar shaida da ke nuna ana buga Marngrook a yankin da Wills ya taso. A 2019 AFL ta bayyana cewa ta amince wasan Aborijin ya yi tasiri, matakin da wasu masana tarihi suka soka. Akwai kuma masu danganta wasan da ƙwallon gargajiya ta Ayalan, sai dai ba a rubuta dokokin wannan ba sai a shekarun 1880.

Ta uku ta taso a 2021, lokacin da wani mai bincike, Gary Fearon, ya gano wani rubutu marar sunan marubuci a jaridar Chicago Tribune ta 1895, wanda ya yi iƙirarin cewa Wills da kansa ya shiga kisan ramuwar gayya na 1861. Wasu sun nemi a sake duba karramawar da ake yi masa, wasu kuma suka nuna cewa rubutun na ɗauke da kurakurai da ƙarin gishiri. Batun ya yi nauyi ne saboda an daɗe ana nuna Wills a matsayin alamar sulhu tsakanin Turawa da Aborijin, a wasan da 'yan Aborijin ke da tarin taurari kuma yake fama da matsalar wariyar launin fata, kamar ihun da 'yan kallo suka riƙa yi wa Adam Goodes a 2015.

Karramawa

An sanya Wills cikin rukunin farko na zauren girmamawa na ƙwallon ƙafa ta Ostireliya a 1996. An kafa masa abin tunawa a Moyston a 1998, sannan a 2001 aka kafa mutum-mutumin tagulla da Louis Laumen ya ƙera a wajen babban filin kurket na Melbon, wanda ke nuna shi yana alƙalancin wasan 1858. An kuma raɗa wa filin atisayen ƙungiyar Greater Western Sydney sunansa. Wasan da ya taimaka wajen kafawa yanzu yana da babbar gasa mai ƙungiyoyi 18, kuma wasan ƙarshe na kowace shekara kan tara 'yan kallo kimanin 100,000.