Emile Berliner, Wanda Ya Ƙago Faifan Garmaho

Duk lokacin da muka sa faifan CD cikin na'ura, ya kamata mu tuna da Emile Berliner. An haife shi a Hanover ta ƙasar Jamus a 1851. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya ƙaura Amurka a 1870. Da rana yakan yi aikin kanti, da dare kuma ya duƙufa kan karatun kimiyya.

A zamaninsa ana ɗaukar murya ne a jikin wani abu mai kama da gwangwani, wanda Thomas Edison ya ƙago, amma kwafarsa tana da wuya. A 1887 sai Berliner ya fito da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai. Daga uwar faifai guda sai a buga dubbai, waƙa ta shiga gidajen jama'a.

Ya rasu a Washington a 1929, amma dabararsa ba ta mutu ba. Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fitar a 1982, shi ma daga uwar faifai ake buga shi. Bambancin shi ne ba allura. Hasken lesa ne ke bin ƙananan ramuka daga tsakiya zuwa baki, na'ura ta mai da su lambobi, lambobin su zama sauti. Abin sha'awa, kusa da Hanover aka buga waɗansu daga cikin faya-fayan CD na farko.

Mu ɗalibai, darasinmu ke nan: barin aji bai sa shi barin karatu ba.